Batir na biyu a cikin mota: ina ya kamata a ajiye shi?

Duk wanda ya taɓa kwana cikin mota a Ogere, ko a layin shiga tashar jiragen ruwa ta Apapa, ko a bakin kasuwar Mile 12 yana jiran gari ya waye a sauke kaya, ya san daren Kudu ba irin namu na gida ba ne. Zafin nan ba ya tafiya da faɗuwar rana. Gumi ba ya bushewa, in ka sauke gilashi sauro ya ce salamu alaikum, in ka ɗaga kuma ka dahu. A da wasu kan bar inji a kunne su sha sanyin AC har asuba, amma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, wannan ya zama sai wane da wane. Wasu kuma kan tayar da ƙaramin janareta a gefen mota, wanda shi ne mafi muni, don hayaƙinsa na iya kashe mutum yana cikin barci ko motsi bai yi ba.

Shi ya sa 'yan'uwanmu da dama suka koma sa batir na biyu a mota: direbobin bas masu zirga-zirga tsakanin Legas da Arewa, masu ɗaukar kaya a ƙananan motoci, masu bin kasuwannin ƙauye da kayan sayarwa. Batir ɗaya na tayar da inji, ɗayan kuma na fanka da fitila da cajin waya, wani ma har da ƙaramin firji. Ko ka zuƙe na biyun ƙarƙaf da dare, da safe mota za ta tashi ba sai an nemi masu turi ba.

Dabarar ba a nan aka faro ta ba. A Jamus da Ingila da Faransa da Holan akwai mutane masu yawa da ke mayar da bas ta zama ɗakin kwana, da gado da murhu da firji, su ɗauki iyali su tafi hutu a cikinta. Kusan kowace irin wannan mota tana da batir biyu, kuma shekaru da yawa ke nan suna muhawara a kan inda ya fi dacewa a ajiye na biyun. Abin da zai ba ka mamaki, danfon nan mai ruwan ɗorawa da muke shiga kullum a Oshodi da Agege, ainihinta Volkswagen T3 ce, wadda aka fara ƙerawa a Jamus a 1979, kuma irin wannan jikin ne kamfanin Westfalia ya riƙa mayarwa motar kwana. Don haka in ka sayi tokumbo ta Kwatano ko ta Apapa ka tarar da ragowar wayoyi masu kauri a ƙarƙashin kujera, wataƙila wurin batirin ɗakin tsohon mai ita ne. Darasin da suka koya zai yi mana amfani, amma ba duka ba, domin su sanyi ne babban abokin gabarsu, mu kuwa zafi ne da ruwa da ramukan hanya.

Na lura in mutum zai yi wannan aiki, tambayarsa biyu ce: wane batir zan saya, kuma nawa ne? Maganar wurin ajiya sai an dawo daga kasuwa, a leƙa cikin mota a ga inda babu kaya, a ce "sa shi nan". Kwanakin baya wani ɗan garinmu ya nuna mini aikin da aka yi masa a basinsa, yana murna. Dogon batirin inbata ne irin na gida, mai ruwa, an tsayar da shi a bayan kujerar ƙarshe, an ɗaure da robar taya. Waya siririya ta taso tun daga gaba ta bi ƙarƙashin kafet, babu fiyus ko ɗaya. Kusa da shi ga tukunyar gas da jarkar fetur, kuma a wannan kujerar yaron motarsa ke kwana. Na ce masa, Malam, wannan ai ba batir ka sa ba, ajali ka ɗauko ka ba shi kujera. Ya yi dariya, amma washegari ya koma wajen mai wayarin.

Irin batirin shi ke zaɓar wurinsa

Kafin a yi maganar wuri, sai an san wane iri ne a hannu, domin abin da wani zai jure wani ba zai jure ba.

Akwai mai ruwa, wanda aka fi sani: dalma da asid, wani da murafan da ake buɗewa a ƙara ruwa, wani a rufe. Akwai AGM da jel, su ma dalma ce a ciki amma asid ɗin ba ya kwarara. Sai kuma litiyam, wanda ake rubuta LiFePO4 a jikinsa. Mai dalma na 100Ah yakan kai kilo 25 zuwa 30, kuma ba a so ka sha fiye da rabinsa in kana so ya daɗe. Litiyam mai wannan girman kilo 11 zuwa 14 ne, kana iya shan kusan duka, sai dai kuɗinsa ba na wasa ba ne.

Shi kuwa dogon batirin inbata na 200Ah ko 220Ah, tun yanzu a cire shi daga lissafi. An yi shi ne ya zauna wuri ɗaya a kusurwar ɗaki. Nauyinsa kan kai kilo 60, ga tsayi, ga ruwa cike da ciki. A hanyar Ore zuwa Binin ko ta Jebba zuwa Mokwa, asid zai riƙa fantsama ta murafansa, kuma ranar da aka taka burki da ƙarfi babu robar da za ta riƙe shi.

Ba ma lallai kana buƙatar babba haka ba. Mu yi lissafi. Fanka mai jan amfiya 2 na awa 8, 16Ah ke nan. Ƙananan ƙwayayen fitila biyu na awa huɗu ba za su wuce 3Ah ba. Cajin waya uku, a ce 6Ah. Duka 25Ah a dare ɗaya. Batir mai dalma na 100Ah da ke ba ka 50Ah zai kai ka dare biyu mota na tsaye. Firji ne mai ci, don a zafinmu yana iya shan 30Ah zuwa 45Ah a yini da dare. In babu firji a tsarinka, kada ka sayi abin da zai gagare ka wurin ajiya.

Iskar da ba a gani

Wannan ne abin da mutane suka fi sakaci da shi, kuma shi ya fi shafar rai. Duk batir mai dalma, lokacin da yake caji, musamman in ya kusa cika, yana fitar da iskar haidirojin. Ba ta da launi, ba ta da wari. In ta taru ta kai kashi 4 cikin 100 na iskar wuri, tartsatsi ɗaya ya isa ta kama da ƙara. Tartsatsin kuwa ba wuyar samu gare shi ba: kan batir da ya yi sako-sako, sifana da ta taɓa ƙarfe, ko sigarin yaron mota. In batir ya fashe, asid ne ke watsuwa a fuska da ido.

A fili wannan iska ba ta da wata illa, don ta fi iskar da muke shaƙa rashin nauyi, nan da nan take tashi sama ta watse. Matsalar sai an kulle ta. Kuma abin da mutane ke yi ke nan da kyakkyawar niyya: a sa kafinta ya yi akwatin katako mai kyau, a rufe ruf don kada yara su taɓa, a shimfiɗa katifa a kai.

Saboda haka in mai ruwa ne za ka sa a cikin mota, dole wurin ya zama inda za a iya fitar da iskarsa waje. Duba gefen murfin batirin ta sama, da yawansu suna da ɗan rami a kowane gefe. Ana toshe ɗaya, a soka siririn tiyo a ɗayan, a huda daɓen mota a fitar da shi ƙasa. Wannan na nufin wurin da ka zaɓa ya zama ƙarƙashinsa babu tankin mai, babu salansa, babu bututun burki. In batirin ba shi da wannan rami, to akwatin ne za a yi wa hanyar iska zuwa waje, kuma mafitar ta kasance ta sama, tunda iskar sama take yi, da wata ƙaramar mashiga ta ƙasa.

Kada rubutun da ke jikin batir cewa ba ya buƙatar ƙarin ruwa ya ruɗe ka. Ba ya buƙatar ruwa daban, ba ya fitar da iska daban. AGM da jel kaɗan suke fitarwa, ana iya zama da su a cikin mota, amma ko su ba a kulle su a akwatin da iska ba ta shiga, don ranar da caji ya yi musu yawa za su huce ta bawul ɗinsu. In kuwa ka taɓa jin warin ruɓaɓɓen ƙwai a mota, ko ka taɓa batir ka ji ya yi zafi ko ya kumbura, kashe inji, buɗe ƙofofi, kowa ya fita. Wannan warin wata iska ce daban mai guba, alamar batir na dahuwa.

Litiyam na LiFePO4 ba ya fitar da haidirojin a aikinsa na yau da kullum, shi ya sa masu motocin kwana a Turai suke ta komawa gare shi, suna sa shi har ƙarƙashin gado. Amma a yi hattara da abin da ake haɗawa a bayan shago da tsofaffin batiran kwamfutar cinya a zuba a akwati a ce litiyam ne. Sinadarinsu daban ne, sun fi saurin kamawa da wuta, kuma in sun kama ruwan buta ba ya kashe su. Ni dai ba zan kwana a kan irin wannan ba.

Sai maganar maƙwabta. Gas ɗin girki, saɓanin haidirojin, ya fi iska nauyi. In tukunya na yoyo, ƙasa yake kwanciya, daidai inda batir yake. Tururin fetur ma haka. Masu ƙera motocin kwana a Turai sukan ware wa tukunyar gas ɗakinta a rufe, da rami a ƙasa zuwa waje, kuma ba sa barin batir ko wani abu mai tartsatsi a ciki. Mu ma ko ba mu yi ɗaki ba, batir na wannan kusurwa, gas da jarkar mai na waccan. Waɗanda suka mayar da motarsu mai amfani da CNG su ma su nisanta batir da wayoyinsa daga tukunyar da bututunta.

Zafi

Masu ƙera batir suna auna ƙarfinsa da tsawon ransa ne a kan zafin digiri 20 zuwa 25. Ƙa'idar da aka sani game da mai dalma ita ce, duk ƙarin kamar digiri 10 a kan haka, in ya ɗore, yana rage rabin ransa. Mu da muke Legas ko Fatakwal ko Anacha, tun kafin a kunna inji mun riga mun haura wannan ma'auni. To ina ga an kai shi cikin bonet, inda zafi kan wuce digiri 70 in an shiga cunkoson Apapa zuwa Oshodi?

Za ka ce ai batirin tayar da inji a bonet yake a motoci da yawa. Gaskiya ne, kuma shi ya sa ba ya daɗewa a ƙasar nan. Bayan haka aikinsa na daƙiƙa biyu ne ko uku, ya tayar da inji a mayar masa da abin da ya bayar nan take. Na biyun kuwa kullum sai an sha shi sosai an sake cikawa, wahalarsa ta fi yawa, bai kamata a haɗa masa da gashi ba. AGM da jel ba sa son zafin bonet ko kaɗan tunda ba a iya mayar musu da ruwan da suka rasa. Litiyam kuwa yawanci ba a so a yi cajinsa in zafi ya wuce digiri 45, kuma na'urar da ke cikinsa za ta yanke wuta da kanta in abin ya yi yawa.

A cikin mota ma ba ko'ina ne daidai ba. Ƙasa ta fi sama sanyi. Jikin ƙarfen da rana ke duka kai tsaye ya fi tsakiya zafi. Daɓen da salansa ta bi ta ƙarƙashinsa yana ɗaukar zafi sosai. Gwajin ba ya buƙatar na'ura: bayan doguwar tafiya, a ce daga Legas zuwa Ibadan da rana, ɗaga kafet ka ɗora tafin hannu a wuraren da kake tunani. Inda ba za ka iya barin hannunka ba, batir ma ba zai so ba.

Turawa na da wata damuwa da za ka ji suna ta nanatawa a bidiyoyinsu, wato kada a yi cajin litiyam in sanyi ya kai na ƙanƙara. Wannan ba tamu ba ce, ko a Jos.

Tsawon waya

A nan ne kuɗi ke zurarewa ba a sani ba. Wutar mota bolt 12 ce kacal, abin da ake rubuta 12V. Da yake ƙarfinta kaɗan ne, ɗan abin da ya ɓace a hanya yana da tasiri. Altaneta na bayar da kamar bolt 14.2, kuma batir mai dalma na buƙatar kusan haka kafin ya cika.

Ɗauki misali. Ka sa batir a can ƙarshen mota, mita 5 daga na gaba, zuwa da dawowa mita 10. Mai wayarin ya sa maka waya mai kaurin 6mm², wadda suke kira 6 mil, kuma amfiya 30 ke bi ta ciki. Kusan bolt 0.9 zai ɓace a hanya, abin da zai isa ga batir bai fi 13.3 ba. Sakamakon haka cajin zai riƙa tafiya a hankali ƙwarai, ka yi tafiyar awa shida batir bai cika ba. Batir mai dalma kuwa in ya saba zama ba a cike ba, faranta na cikinsa suna yin tsatsar gishiri mai tauri, cikin 'yan watanni ya daina riƙe wuta. Sai ka koma Ladipo kana faɗa da mai shago cewa ya sayar maka da jabu, alhali wayarka ce ta kashe shi.

Da a ce mita 1 ne tsakanin batiran biyu, da wannan wayar dai, abin da zai ɓace bai kai bolt 0.2 ba. In kuma dole sai an yi nisan mita 5, sai a koma 16 mil, asarar ta sauko kamar 0.3. Ka ga ke nan kowace mita da ka ƙara, kuɗin jan ƙarfe kake ƙarawa. Kuma a kula da wayar da ake sayarwa da arha, wadda alminiyam ce aka shafa wa jan ƙarfe a baya. Kankare ta da wuƙa, in ka ga fari a ciki, ajiye musu abarsu.

In akwai inbata a tsarin, to ita ce ma ta fi buƙatar kusanci. Inbata mai wat 1000 in tana aiki sosai tana jan amfiya 90 ko fiye daga batir. Wannan sai waya mai kauri irin 25 ko 35 mil, gajeriya, mita ɗaya ko ƙasa da haka. Ke nan wurin da za ka zaɓa wa batir ya zama akwai fili kusa da shi na inbata, amma ba cikin akwati ɗaya da mai ruwa ba, saboda tartsatsi da kuma tururin asid da ke cinye kayan cikinta.

Tsakanin batiran biyu ana sa rile mai haɗa su in inji na aiki ya raba su in an kashe. Wannan ya wadatar a tsofaffin motoci da batir mai dalma. Sababbin tokumbo na Turai da yawa kuwa altanetarsu kwamfuta ce ke sarrafa ta, tana rage wuta yadda ta ga dama, don haka sai an sa caja ta musamman da ake kira DC-DC. Litiyam ma ita yake so, don in ka haɗa shi kai tsaye yana iya jan wutar da za ta ƙona altaneta, musamman mota na tsaye inji na aiki a hankali. Amfanin wannan caja a maganarmu shi ne, in aka ɗora ta kusa da batir na biyu, tana ɗaga wutar da ta raunana a hanya. Ita ce ke ba ka damar yin nisa in babu yadda za ka yi.

Fiyus kuwa babu ciniki a kansa. Wayar da ta haɗa batir biyu wuta na shigar ta ta kowane ɓangare, saboda haka fiyus biyu ne, ɗaya a kowane ƙarshe, kusa da kan batir, kada ya wuce taƙi ɗaya. Duk inda waya za ta ratsa ƙarfe a sa mata zoben roba. Gargadar hanya na sa bakin ƙarfe ya yanke rigar waya a hankali, kuma waya mai kauri da ta taɓa bodi ba fiyus, ja take yi kamar garwashi cikin daƙiƙoƙi. In wurin da ka zaɓa babu sararin fiyus da makunnin yanke wuta da hannu zai kai gare shi, wurin bai yi ba.

A ɗaure shi kamar fasinja

In mota ta yi karo tana gudun cikin gari ma, abin da ke cikinta na iya fizgowa da ƙarfin da ya ninka nauyinsa sau 20. Batir mai kilo 30 ya zama kamar kilo 600 ke nan yana nufo bayan direba. Igiyar roba da kusoshin kafinta a jikin falanki ba za su yi komai ba. Abin da ake so tire ne na ƙarfe da mai walda zai yi daidai girman batirin, da sanda ko maɗauri a sama, a ɗaure da noti da suka ratsa daɓen mota, da faffaɗan wasa ta ƙasa don kada ƙarfen ya yage. A cire kawunan batirin mota kafin a yi walda a jikinta.

Wuri mafi kyau ta fuskar nauyi shi ne ƙasa-ƙasa, tsakanin tayoyin gaba da na baya. Can bayan tayar baya kuwa nan ne mota ta fi tsalle, kuma nan ne ke lotsewa in an buge ka ta baya. Masu Sienna su ji wannan, don ramin nan mai zurfi na bayan kujerar ƙarshe yana da jan hankali, kamar don batir aka yi shi. Ya haɗa nisa da tsalle da haɗarin bugu. In dole sai nan, to AGM ko litiyam, da caja DC-DC, da ɗauri na gaske.

Ƙarƙashin mota fa?

A Turai wasu na rataye akwatin batir a jikin shasi ta waje. Yana da amfaninsa: ga iska, ga sanyi, ga fili ya ragu a ciki. Manyan motoci ma haka nasu yake. Amma tirela tana da tsayi, bas ba ta da shi. Wanda ya ga yadda ruwa ke kwanciya a titunan Legas a watan Yuni da Yuli, ko na Aba da Fatakwal da damina, ya san akwatin da ke ƙasa da daɓen bas sai ya yi iyo. Ga iskar teku mai gishiri da ke cin kawunan batir, ga ramuka da tudun kwalta masu duka daga ƙasa, ga kuma masu hannu da sauri da ke kwance batir a inda motoci ke kwana. Litiyam dai kada a kai shi can ko kusa, don akwai na'urar lantarki a cikinsa da ba ta shiri da ruwa. A ra'ayina, a Kudu, ciki ya fi.

Ko a cikin ma akwai ruwan da muke kawowa da kanmu. Ƙarƙashin kujera nan ne mazaunin buta da jarkar ruwa, da jak da sifanar taya. In batir ya shiga nan, su sai su tashi. Ƙarfe ɗaya ya faɗa a kan kawunan biyu ya isa ya tayar da gobara, don haka a rufe kan mai alamar ja da murfin roba ko da batirin na cikin akwati.

Mota-mota

A danfo T3 mai fetur, batirin asali na ramin da ke ƙarƙashin kujerar gaba ta dama, kuma akwai irin wannan ramin a ta hagu, wanda nan Westfalia ke sa na biyu. Tazarar kaɗan ce, ga inji can baya, babu zafi. Sai dai ramin ba zurfi, gajeren batir kawai ke shiga, kuma murfin ƙarfen yana kusa da kawunan, sai an sa roba a tsakani.

Ford Transit batirinta na ƙarƙashin kujerar direba, wasu ma da biyu suke zuwa daga kamfani. Mercedes Sprinter da Fiat Ducato da 'yar'uwarta Peugeot Boxer, daga ƙirar 2006, nasu na cikin rami a daɓen gaba ta hagu, wajen ƙafar direba. A duk waɗannan, gindin kujerun gaba akwatin ƙarfe ne da ke ɗaure da bodi, kusa da batirin asali, nesa da zafi. Shi ya sa mafi yawan masu motar kwana a Turai nan suke fara dubawa. A tuna kawai, in bidiyon da kake kallo na Ingila ne, sitiyarinsu a dama yake, kujerar direbansu ita ce ta fasinjanmu.

Toyota Hiace da muke kira Homa, wadda ita ce ta fi yawa a hannun mutanenmu, lamarinta daban ne. Injin na ƙarƙashin kujerun gaba ne, saboda haka shawarar nan ta "sa shi ƙarƙashin kujerar gaba" ba ta aiki. Sai a koma daɓen bayan kujerun gaba, a ɗan ja baya daga tudun inji, ko ƙarƙashin layin kujeru na biyu ta gefen da salansa ba ta bi ba. In fasinja kake ɗauka, akwatin ya zama mai ƙarfi da ƙafa ko kaya ba za su buɗe ba.

Direbobin tirela da sauran manyan motoci masu bolt 24, ku ma ga taku a gurguje: al'adar nan ta jan wutar fanka da caja daga ɗaya cikin batiran biyu tana sa ɗaya ya riƙa ramewa ɗayan na ƙoshi fiye da kima, daga ƙarshe duka biyun su lalace. Akwai ƙaramar na'ura mai sauko da 24 zuwa 12, ita ya kamata a sa.

Kafin ka biya kuɗin batir, tambayi tsawonsa da faɗinsa da tsayinsa har da kawunan. Na 100Ah ƙirar Turai yakan zo kamar santimita 35 da 17.5 da 19, wasu kuma sun fi haka tsayi. Yanka kwali ka haɗa akwati daidai wannan girma, ka ɗauka ka gwada a wuraren da kake tunani. Ka zame kujera gaba da baya ka ga ko tana taɓawa, ka bar sararin yatsu uku ko huɗu a sama don waya da sifana, ka tabbata za ka iya ciro shi ba sai an kwance rabin mota ba, kuma in mai murafai ne za ka iya leƙa ruwansa duk wata. Sannan ka kwanta ka leƙa ƙarƙashin mota daidai wurin kafin mai wayarin ya ɗora dirilsa, don an sha huda tankin mai a irin wannan aiki. Bayan an gama, tafiyar farko in ka tsaya cin abinci a Lakwaja ko Jebba, ɗauki sifana ka sake bin notin ɗaurin da na kawunan, ka taɓa wayoyin ka ji ko akwai mai ɗumi. Wadda ta yi zafi, ko dai ta yi siriri ko bakinta bai ɗauru ba.